Yadda ake sana'ar matse ƙwayar kwakwar manja a fita da riba

Idan mai manja ya gama tatsar mansa, akwai tarin ƙwallaye da yake zubarwa a bayan rumfa. Wannan tarin shi ne farkon sana'ar da za mu yi magana a kai. A cikin kowane ƙwallo akwai ƙwaya, wadda a kasuwa za ka ji ana ce mata kanel, kuma kusan rabin nauyinta mai ne. Man nan ba manja ba ne. Shi ne dai alayyadin da iyayenmu mata ke shafa wa jarirai a maɗiga, sai dai nasu baƙi ne mai ƙaurin hayaƙi saboda a tukunya ake toya ƙwayar har man ya tsatso, wanda inji ya matse kuwa fatsi-fatsi yake fitowa, shi ne masu sabulu da kamfanonin tace mai ke saye duro-duro.

Na ga mutane da dama sun shiga harkar nan da zumuɗi, sun fita da injin da ya yi tsatsa. Kusan dukkansu ta wajen inji suka fara, alhali inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya saya. Don haka zan bi matakan a jerin da na ga ya fi tsare jari.

Mataki na farko: ka je inda kwakwar take

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce. A shekarun 1950 zuwa farkon 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da manja da ƙwayarsa, kafin Malesiya da Indunusiya su yi mata fintinkau. Har yau dai bishiyar na nan jingim a Edo, Delta, Ondo, Imo, Abiya, Akwa Ibom da Kuros Riba. Ga wanda ke tasowa daga Kano ko Kaduna, mafi kusa shi ne ƙasar Igala a jihar Kogi, wato su Ankpa, Anyigba, Dekina da Idah, inda 'yan kasuwarmu suka daɗe suna sarin manja. Akwai kaɗan kuma a Nasarawa da kudancin Kaduna wajen Kafanchan, amma bai kai ya riƙe inji shekara guda ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Ka je ka yi mako biyu ko uku, ka zauna kasuwannin ƙauye a ranakun cinsu, ka san wa ke tarawa, wa ke fasawa, wa ke zuwa da tirela ya kwashe. Kakar kwakwa tana kankama ne daga wajen Fabrairu zuwa Mayu. A lokacin kaya ke yawa, farashi ya sauka. Daga tsakiyar damina zuwa ƙarshen shekara kaya na ja baya, manyan masu injina su shiga rububi.

Ka kuma san cewa ƙwallo iri biyu ne a kasuwa. Akwai na kwakwar daji, wadda masana ke kira dura, ɓawonta kauri gare shi kamar dutse, ƙwayar da za ka samu ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙwallon ba. Akwai kuma na kwakwar gona, tenera, irin da cibiyar binciken kwakwa ta NIFOR da ke kusa da Benin take rabawa manoma. Ɓawonta siriri ne, ƙwayar kan haura kashi ɗaya cikin uku. Buhu biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya dura ɗaya tenera, ba kuɗinsu ɗaya ba. Daga nan kuma za ka gane dalilin da ya sa ba a ɗauko ƙwallo da ɓawonsa a kawo Arewa: kuɗin motar ɓawo za ka biya. A can ake fasawa, ƙwaya kaɗai ke hawa mota.

Mataki na biyu: lissafi kafin a taɓa aljihu

A nan zan daɗe, don nan ne sana'ar take. Ƙwaya busasshiya mai tsabta tana ɗauke da mai kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙaramin inji ba ya fitar da shi duka. Idan injin lafiyarsa ƙalau kuma mai tuƙa shi ya iya, tan ɗaya na ƙwaya zai ba ka kilo 380 zuwa 420 na mai, da kilo 520 zuwa 560 na dusa, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse man, sauran ya tafi a tururi da datti.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka alƙaluman da zan kawo na misali ne kawai, ka cire su ka sa na kasuwarka ta yau. Mu ƙaddara ka sayi tan ɗaya a kan naira 600,000. Ka samu mai kilo 400, ka sayar kilo 1,600, ya kama 640,000. Dusa kilo 550 a kan 150 ya kama 82,500. Jimla 722,500. Sai ɗawainiya: mota da dako da harajin hanya 30,000, man gas ko wuta 35,000, ma'aikata 10,000, abin da za ka ware don gyaran inji 10,000, buhuna da jarkoki 7,500. Ɗawainiya ta tashi 92,500. Abin da ya rage maka naira 30,000 a tan.

Ka lura da abu biyu. Na farko, kuɗin man gaba ɗaya bai iya biyan ƙwaya da ɗawainiya ba. In ba don dusa ba, da faɗuwa ka yi. Wanda ya ɗauki dusa a matsayin shara, bai fahimci sana'ar ba tukuna.

Na biyu ya fi tsoratarwa. Mu ce ƙwayar da aka sayar maka tana da ɗanshi da guntattakin ɓawo, man ya sauko daga kilo 400 zuwa 370. Kilo 30 ne kacal, a ido ba komai ba ne, jarka ɗaya ce da 'yan kai. Amma kuɗinsa 48,000 ne. Ko da dusarka ta ƙaru da kilo 30 ɗin, 4,500 kawai ta mayar maka. Ribar 30,000 ta koma asarar 13,500, alhali injin ya yi ƙara wuni guda, ma'aikata sun yi gumi, maƙwabta na cewa Alhaji kasuwa ta buɗe. Kashi 3 cikin ɗari shi ke raba mai riba da mai asara a wannan harka, kuma mafi yawan wannan kashi ukun a bakin sikeli ake rasa shi, ranar saye.

Sai kuma jarin juyawa, wanda mutane ke mantawa. Injin da ke cin tan 2 a rana, in zai yi kwana 25 a wata, tan 50 yake buƙata. A farashin misalinmu naira miliyan 30 ke nan a wata, ban da kuɗin injin kansa. Wanda ya zuba duk abin hannunsa a ƙarfe ya bar kansa ba kuɗin ƙwaya, zai yi aiki kwana biyar ya huta kwana ashirin, haya da albashi kuwa ba sa hutu.

Mataki na uku: saye, da yadda ake gane algus

Ni kaina an taɓa yi mini. Wani dillali ya tara mini buhuna a wani ƙauye, na duba na sama na ga kaya garau, na biya. Bayan kwana huɗu a hanya da sito, muka farke buhunan tsakiya sai ɗumi ya bugo mu, ƙwayar ta yi funfuna fari-fari. Ashe an yayyafa mata ruwa da daddare don ta yi nauyi. Da muka shanya muka sake aunawa, abin da ya tafi ya fi ribar da nake hange, man da ya fito kuma mai sabulu ya karya masa farashi. Tun daga ranar ban ƙara sayen buhun da ban zazzage ba.

Ga yadda ake yi. Ka tafi da sikelinka, babba da ƙarami, kada ka dogara da na mai kaya. Cikin kowane buhu goma ka zaɓi biyu ko uku da kanka a zazzage su a kan tamfol. Ka ɗebi daga sama, tsakiya da gindi, ka haɗa kilo ɗaya daidai. Ka zauna ka tsince ɓawo, tsakuwa, zare da ƙwallayen da ba su fashe ba, ka auna su. In dattin ya wuce giram 50 a kilon nan, wato kashi 5 cikin ɗari, a rage kuɗi gwargwadonsa ko a sake tsincewa. Kada ka ji kunya, kasuwa ce.

Sannan ka ɗauki ƙwaya kamar hamsin ka tsaga su da wuƙa. Mai kyau cikinta fari ne mai ɗan toka-toka, da tauri, in ka danna da farce maiƙo ya fito. Wadda ta yi ruwan ƙasa ko rawaya a ciki, ko tana warin tsami, ta sha ruwa ko ta sha zafi a tari. Ka tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu: in ka ji ɗumi ko sanyin laima, akwai magana. In kana da lokaci ka shanya kilo ɗaya wuni biyu ka sake aunawa, abin da ya ragu ruwa ne aka so sayar maka da kuɗin ƙwaya. Ana so ɗanshi ya tsaya wajen kashi 7 cikin ɗari. Akwai ƙaramar na'urar auna ɗanshi irin ta masu sayen koko da hatsi, kuɗinta bai kai asarar mota ɗaya ba.

Game da ba da kuɗi kafin kaya: al'ada ce a can, masu tarawa za su nemi ka ba su wani abu su shiga ƙauyuka. Ka fara da kaɗan, da shaidu, ta hannun shugabannin kasuwar ko sarkin Hausawan garin, har ku san juna.

Mataki na huɗu: fasawa da rabewa, ga wanda zai sayi ƙwallo

In ƙwaya fasasshiya kake saye, ka tsallake nan. In kuwa ƙwallo ne, sai ka shanya shi har ya zama in ka girgiza ɗaya a kunne ka ji ƙwayar na kaɗawa a ciki. Alamar ta saki ɓawo ke nan. In ka fasa da ɗanshi, ƙwayar za ta manne ta farfashe. Injin fasawa ƙarami ne, ba ya da tsada, wurgi yake yi da ƙwallon ya bugi bangon ƙarfe ya tarwatse.

Wahalar tana wajen rabewa. Mata kan tsince da hannu, aikin yana kyau amma ba ya sauri. Hanyar da ta fi yawa ita ce ta ruwan yumɓu: a dama yumɓu ko ƙasar suri a rabin duro har ruwan ya yi kauri daidai, a zuba fasasshen kaya. Ƙwaya ta fi ɓawo rashin nauyi, sai ta taso sama a kwashe da kwando, ɓawo ya nutse. In ka ga ƙwaya na nutsewa, ƙara yumɓu. In ɓawo na tasowa, ƙara ruwa. Bayan nan dole a wanke ƙwayar da ruwa mai kyau a shanya ta sosai, kuma a nan ne masu gaggawa ke ɗura ta a buhu da laimarta.

Ɓawon kada a zubar. Maƙera na hura wuta da shi, masana'antu masu tukunyar tururi na saye mota-mota, har ƙasashen waje ake fita da shi, a ƙauye kuma ana cike ramukan hanya da shi da damina.

Mataki na biyar: gwada sana'ar da injin wani

Shawarar da na fi ba sabon shiga ita ce ya yi kaka ɗaya ba tare da inji ba. Ka sayi tan biyu ko uku, ka kai wa mai inji ya matse maka ka biya ladan aiki, ka tsaya a kansa da sikeli da littafi. Ka rubuta abin da ya shiga, man da ya fito, dusar da ta fito. Ka sayar da kanka. In ka yi haka sau biyar, za ka san ainihin lissafinka, ka san masu sayenka, ka kuma ga irin injin da ke yawan lalacewa, duk da kuɗin koyo kaɗan. Wasu ma a nan suke tsayawa, su ga cewa fatauci da matsewar haya ya fi musu kwanciyar hankali.

Mataki na shida: inji da matsewa

In lissafi ya nuna a saya, akwai na gida da ake ƙerawa a Aba, Nnewi, Benin da Ibadan, akwai kuma na waje daga Malesiya, Indiya da Sin. Na gida ya fi araha, kayan gyaransa na kusa, amma ingancinsa ya danganta da hannun maƙerin. Kada ka biya sai an gwada a gabanka da ƙwayarka, aƙalla buhu biyar, ka auna man. Ka tabbata injin ƙwayar kwakwa ne. Na gyaɗa ko waken suya ba zai jure ba, don wannan ƙwayar tauri gare ta.

Maganar wuta ka yanke ta tun kafin ka kama wuri. Injin na son wuta mai layi uku ko babban injin gas. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta awoyi mafi yawa a rana, a Afrilun 2024, wuta ta zama babban kaso a lissafi, duk da haka inda take samuwa ta fi gas sauƙi.

Zuciyar injin wani ƙarfe ne mai murɗe kamar dodon-koɗi, makanikai na ce masa wom, yana juyawa cikin keji yana tura ƙwaya zuwa ƙuntataccen baki. Kafin ƙwaya ta shiga, a bi da ita ta rariya, a kuma ɗaura maganaɗisu a bakin mazubi. Ƙusa ɗaya ko guntun dutse ya isa ya tsayar da kai mako guda. Da safe kada a danna masa kaya yana sanyi. A fara da 'yar dusa ko ƙwaya kaɗan-kaɗan har kejin ya ɗau zafi, sannan a riƙa ɗaure bakin a hankali.

Dusar da ke fitowa ita ce ke gaya maka halin da ake ciki. Mai kyau tana fitowa siririya, busasshiya, tana karyewa kamar ɓawon tukunya, launin ƙasa. In ta fito da kauri da taushi, ka murza a takarda ta bar tabon maiƙo, kuɗinka ne ke tafiya a buhun dusa: ƙara ɗaurewa, ko ka sake mayar da ita zagaye na biyu. Da yawan ƙananan injina sai an yi matsa biyu. In kuwa ta fara baƙi tana hayaƙi, ka matse da yawa, man zai yi duhu, dusar ta ƙone, wom ɗin ya cinye da wuri. Wom na cinyewa ko yaya aka yi. Ranar da ka ga mai na raguwa alhali ƙwaya ba ta canza ba, a kwance a kai wa mai walda ya cike shi da waya mai tauri. Mai dabara yana ajiye na biyu, da bel da boris, a kan kanta. Da yamma kuma kada a kashe inji da kaya a cikinsa, dusar za ta sandare ta zama kamar siminti.

Ka sa littafi a gefen injin. Kowace rana a rubuta kilo nawa ya shiga, nawa ya fito. Ma'aikacin da ya san ana aunawa daban yake da wanda ya san ba a aunawa.

Mataki na bakwai: tacewa, ajiya da sayarwa

Man yana fitowa da gari-gari a cikinsa. A zuba a tanki ya kwana biyu ko uku ya kwanta, a tsiyaye na sama ta ƙyalle mai kauri ko injin tacewa, dagwalon ƙasa a gauraya da sabuwar ƙwaya a mayar inji. Babban abokin gabansa ruwa ne. Duro mai laima ko tsatsa zai ɗaga tsaminsa, manyan masu saye kuwa suna gwadawa, in tsamin ya haura kashi 5 cikin ɗari sukan rage farashi. Ka kuma riƙe cewa lita ba kilo ba ce: jarka mai lita 25 tana ɗaukar kilo 23 ne ko kusa da haka. Ka san da wanne ake ciniki kafin a yi sallama. Da hunturu man yana barci, ya daskare fari fat a cikin duro. Bai lalace ba, rana ko ɗan ɗumi zai tashe shi, amma kada a kafa masa wuta kai tsaye.

Masu sayen mai kala uku ne. Kamfanonin tacewa da na sabulu suna ɗaukar da yawa, sai dai sukan riƙe kuɗi kwanaki. Ƙananan masu sabulun wanki da na wanka, waɗanda yawancinsu mata ne, suna sayen jarka ɗaya zuwa goma, kuɗi hannu, kuma farashinsu ya fi. Suna sonsa ne don shi ke sa sabulu kumfa da tauri. Sai dillalan kasuwa. Ka raba ƙafa, kada mutum ɗaya ya riƙe maka wuya. Ɗanyen man nan ba na miya ba ne, kada ka yarda wani ya saya ya gauraya da man gyaɗa da sunanka. In kana son ka zuba a kwalba da tambarinka a matsayin man shafawa, sai ka yi rajistar kasuwanci a CAC ka kuma nemi lambar NAFDAC.

Dusa, wadda masu kaji ke kira PKC, a baza ta ta huce sarai kafin a ɗura. In aka ɗinke ta da zafi aka jibge, tana iya yin funfuna, tana ma iya cin kanta da wuta daga ciki. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango. Sinadarin gina jiki a cikinta wajen kashi 14 zuwa 18 ne cikin ɗari, amma tana da harza da yawa, shi ya sa kajin gidan gona kaɗan ake sa musu a haɗi, shanu kuwa suna cinta sosai. Nan ne mai inji a Arewa ke da fifiko, domin masu haɗa abincin kaji da masu turkar shanu suna bakin ƙofarsa, kuma farashinta na tashi da bazara lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai iya ajiyar wata biyu zuwa uku yakan ci wannan bambancin.

Masu kiwon ragunan layya kuma ka gaya musu gaskiya ko da ba su tambaya ba. Dusar nan tana da sinadarin tagulla da yawa, tumaki kuwa ba sa jure shi kamar shanu, yana taruwa a hantarsu in aka daɗe ana ba su ita zalla. A gauraya ta da dusar masara ko ta alkama, da harawa da kowar wake, ta zama ƙaramin kaso a cikin abincin, musamman ga ragon da za a yi wata uku ko huɗu ana turkarsa.